Dalar gyaɗar Kano: arziki ne ko jirgin ƙasa ne ya kasa kwashewa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Kullum aka tashi zancen Arewa ta da sai an manno hoton dalar gyaɗa a ce ku duba arzikin da muka yi wasa da shi. Ni kuma wani abu ke damuna da hoton nan, in har harka na tafiya daidai me zai sa a tara dubban buhuna a fili rana na dukansu har sai an lulluɓe da tamfol? Kayan da aka saya don a kai Ingila ai a cikin tarago ya kamata a gan shi ba a filin Allah ba. Ni a ganina dalar nan shaida ce jirgi ya gaza. Iyayenmu da malamai da ke nan a warware mana.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Kai Ɗan Fagge ba ka rabo da tsokana, yanzu dalar ma ba za ka bar mana ita ba 😂

Malam Tudun Wada: Maganarka da ƙamshin gaskiya amma ka cakuɗa abu biyu. Gyaɗa kayan kaka ce, cikin 'yan watanni ake gama sayenta, jirgi kuwa shekara yake yi yana jida, to ko lafiyar jirgin ƙalau dole a samu inda za a jibge ta kafin layi ya zo kanta, kuma Kano da rani ba ruwa ba laima, ajiya a fili ta fi gina sito arha nesa ba kusa ba. Asalin dalar kenan. Inda maganarka ta zauna shi ne bayan yaƙin duniya na biyu. Shekara shida ana bautar da injuna da taragai, ba sabo ba kayan gyara, aka fito yaƙi a 1945 reluwe a galabaice, sai ya zamana ta bara ba a gama kwashewa ba ta bana ta iso. Ƙarshen shekarun 1940 har a majalisar Ingila sai da aka yi ta cacar baki kan gyaɗar da ke jibge a Kano ƙwaro na ci, alhali a can man girki da sabulu da kati ake rabawa. Abin haushin, a daidai lokacin ne Turawan Ingila suka kwashi kuɗi suka tafi Tanganyika, wato Tanzaniya ta yanzu, wai za su noma gyaɗa da katafila a daji, aka narkar da sama da fam miliyan 30, a 1951 aka watsar da shirin, ga nomammiya a buhu a Kano kan jirgi kawai take jira.

Ɗan Fagge: Yauwa Malam! Kun ji ko Maman Khalifa

Maman Khalifa: Na ji, amma ai sai da aka noma sannan jirgin ya kasa ɗauka. Yanzu a kawo maka jirgi goma Kano ka nuna min gyaɗar da za ka zuba masa

Baba na Loko: Yarana bari in sa baki, don ni a kwatas ɗin reluwe na Zariya na tashi, mahaifina Allah ya jiƙansa lebura ne a wajen da ake wa injuna wanka da zuba musu kwal. Ku da kuke ganin hoto ba ku san wahalar tafiyar da jirgin gawayi ba. Na farko layin guda ɗaya ne tal daga Kano har Ikko, mil 700, mai hawa da mai gangara duk a kansa, sai an zo tasha ɗaya ya raɓe ya ba ɗaya hanya, in ɗaya ya makara to duk na bayansa sun makara. Na biyu kwal ɗin da injin ke ci daga Inugu ake kawo shi, wato shi kansa abincin jirgin sai an ware masa taragai an jawo shi tun daga gabas. Na uku ruwa. Injin gawayi shan ruwa gare shi ba kaɗan ba, kowace 'yar tafiya sai ya tsaya a ƙarƙashin tanki, to ku tuna watan Maris da Afrilu a tsakanin Kano da Nguru, mutum ma yaya ya samu na sha. Shi ya sa da aka fara kawo injin dizal a 1955 mutanen Arewa suka fi kowa murna. Kafin nan bayan yaƙi an kawo wasu injunan gawayi sababbi da aka sa wa kowanne sunan kogi a jikinsa, mu yara har musu muke yi wane ne ya shigo tun daga jin kukansa.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya jiƙan magabata. Baba wai da gaske ne direbobi duk 'yan kudu ne?

Baba na Loko: Amin ɗana. Ba duka ba amma galibi. Direba, akawu, mai sayar da tikiti, mai buga waya, makaniki, Yarabawa ne da Inyamurai da mutanen bakin ruwa, manyan kuma Turawa. Namu mutanen aikin diga da dako da gadi. Ba don an fi mu kai ba, boko ne suka riga mu. Da haka Sabon Garin Zariya da na Kano suka cika, Kafanchan ma ai jirgi ne ya yi ta.

Komred Kakuri: Kuma waɗannan ma'aikatan su suka fara nuna wa Bature ana iya ce masa a'a. Yajin aikin gama-gari na 1945, watan Yuni aka fara, sama da kwana 40 ƙasa a tsaye, kan kuɗin tsadar rayuwa, kuma ƙashin bayansa 'yan reluwe ne ƙarƙashin Michael Imoudu wanda ba a daɗe da sako shi daga tsare ba. Ran da jirgi ya tsaya komai ya tsaya. Amma ni tambayar da nake so a amsa ita ce don wa aka yi layin? Ku buɗe taswira. Layi biyu ne suka taso daga bakin teku, ɗaya Ikko ɗaya Fatakwal, suka haɗu a Kaduna, sannan rassa suka shiga inda kaya yake: Kano da Nguru gyaɗa da fata, Funtuwa da Gusau auduga, Jos kuza. Mazurari ne kawai, bakinsa a gonakinmu tsininsa a tashar jirgin ruwa. Ba layi ko ɗaya da ya haɗa Sakkwato da Katsina da Kano da Borno a kwance, alhali nan ne mutane suke, nan ne hanyar fatake tun fil azal.

Malam Tudun Wada: Komred wannan ba wanda zai musa maka, su kansu Turawan ba su ɓoye ba. Amma akwai inda lissafinsu ya kuskure. Da aka ja layi daga Baro a 1907 ya iso Kano a 1911, auduga suke hange don masaƙun Ingila, har injin gurza suka kafa a Zariya. Da aka buɗe hanya a 1912 manomin Kano ya auna ya ga gyaɗa ta fi masa, in farashi ya faɗi ma ya ci abarsa ko matarsa ta yi mai da ƙuli, audugar kuma masaƙan gida suna saye da daraja. Fatake irin su Alhassan Ɗantata da suka goge a harkar goro su suka shiga ƙauyuka suka haɗo ta. Wato Bature ya shimfiɗa dogo don buƙatarsa, amma abin da aka ɗora a kai ba shi kaɗai ya zaɓa ba.

Komred Kakuri: Zaɓi da haraji a wuya Malam? Mutum dole ya samo sulalla ya biya En'e, ina zai samo in bai noma abin da kanti ke saye ba. Sannan daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ita ke yanka farashi, ta saya a hannun manomi da araha ta sayar a waje da tsada ta riƙe rarar

Malam Tudun Wada: Da rarar aka yi wasu ayyukan da kake alfahari da su a Kaduna yau, amma wannan wata muhawarar ce, mu tsaya kan jirgi

Basakkwace: Ku dai kuna ta gardama don kun ga jirgin. Mu Sakkwato ko kukanai ba mu taɓa ji ba, Ƙauran Namoda anka tsaya da shi, birnin Shehu guda anka bari. Kakana ya ce jakkai da raƙumma sunka riƙa kai gujiya da fata Gusau, daga baya motoci sunka karɓa. Wanga wace irin wariya ta?

Ummu Katsina: Mu ma haka. Ni har na taɓa jin wai sarakuna ne suka ce ba sa so kar ya kawo musu baƙi

Malam Tudun Wada: Hajiya wannan zancen bai hau kan Sarki Dikko ba sam. Mutumin da ya je Makka ya je Ingila tun 1921, a garinsa aka kafa kwalejin da ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, shi zai gudu daga jirgi? Kuma Funtuwa ai ƙasar Katsina ce, layin ya ratsa ta. Ku duba shekarun kawai za ku gane. Layin gabas ya haɗe da Kaduna da Jos a 1927. Zariya zuwa Ƙaura 1929. Kano zuwa Nguru 1930. Gadar Makurɗi 1932. A daidai nan kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa ya zube, daga nan yaƙi ya biyo baya. Daga 1930 ba a sake jan wani dogon layi sabo ba sai 1958. Kusan shekara 30 kenan. Duk garin da dogo bai kai ba kafin 1930 tsayawar nan ce ta rutsa da shi, kafin a farfaɗo kuma mota ta yi ƙarfi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku bari mu ma mu ce wani abu don jirgin nan namu ne mu ma ko da bai taka ƙasarmu ba. Gujiyar Maraɗi da Tasawa da Magarya da Damagaram duk Kano aka kai ta cikin kamiyo wato babbar mota, can a zuba ta tarago sai Ikko, daga nan Faransa. To lokacin da reluwe taku ta cushe mu ma abin ya shahe mu, kuma Faransawa ba su son biyan Ingilishi kuɗin dako da kuɗin waje, shi ne a farkon shekarun 1950 sunka ɓullo da wani tsari, kamiyo ya ɗauki gujiya ya bi ta Doso da Gaya ya ƙetare kogi har Faraku cikin Dahome wato Benin ta yanzu, can jirginsu ya ɗauka zuwa Kwatanu, in za ya komo ya ɗauko kayan kanti. Hanya ta hi nisa sosai amma gwamnati ta cika kuɗin. A 1959 har kamfanin haɗin gwiwa anka kafa na Dahome da Nijar, wai za a ja layin daga Faraku har Yamai. Faraku ya tsaya. Wanda anka shimfiɗa Yamai zuwa Doso daga baya ma ba ya aiki.

Ɗan Fagge: Ikon Allah, kenan cikin dalar da muke taƙama da ita har da gumin mutanen Maraɗi

Ɗan Maraɗi: Sosai ma, sai ku ba mu kasonmu na hoton 😄

Alhaji na Agege: Ni duk kun cika maganar abin da ya fita waje, kun manta abin da mu muka yi da jirgin tsakaninmu. Kafin dogo goro daga Gwanja ake kawo shi a kan jaki, ayari da madugu watanni a hanya ana fama da 'yan fashi da kuɗin fito. Da jirgi ya zo aka koma ɗauko shi ta ruwa zuwa Ikko a sa a tarago, daga baya Yarabawa suka dasa shi a nan Agege da Ifo da Shagamu, huhun goro ya bar nan cikin 'yan kwanaki yana Kano bai bushe ba. Goron da a da sai sarki da attajiri ya zama na kowa. A ɗaya hannun shanu ke gangarowa daga Nguru da Kano, da banda da wake da albasa. Zangon Agege, da Sabo na Badun da aka kafa a 1916, duk bin layin nan suka yi, mu jikokin masu wannan harkar ne. Bature bai zana wannan a takardarsa ba Komred, mu muka ga hanya muka bi.

Komred Kakuri: Ranka ya daɗe ban ce ba a amfana ba, na ce ba don mu aka yi ba

Alhaji na Agege: To ai ni riba na sani, niyya tana wajen mai ita

Bint Mai Wurno: Gaisuwa daga Sudan. Kakannina alhazan ƙasa ne. Yadda suke ba mu labari a shekarun 1940 da 1950 mutum zai hau jirgi zuwa Jos ko Nguru, daga nan babu dogo kuma, sai babbar mota ko ƙafa zuwa Maiduguri, a wuce Fallomi wato Njamena ta yanzu, Abashe, Jinaina, Fashir, sai an kai Lubayya sannan a sake ganin jirgin ƙasa, shi zai kai ka bakin Bahar Maliya. Jirgin Sudan bai kai Niyala ba sai 1959. Wannan ramin da ke tsakanin layin Najeriya da na Sudan shi ya cinye guzurin mutane da yawa, suka tsaya tsintar auduga a Jazira don su tara na gaba, wasu shekaru suka yi, wasu kamar namu zama ya kama su har yau.

Maman Khalifa: Allahu akbar. Allah ya sada mu da alheri 'yar uwa

Ɗan Tilden Fulani: Ba wanda ya ambaci ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos? Wanda faɗin layinsa ƙafa 2 da rabi ne, na sauran ƙasa ƙafa 3 da rabi. Don kuza aka yi shi, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau tudu ta Jengre, ya kai Bukuru a 1914. Tsofaffi sun ce a hawan tudu sai ka sauka ka bi shi da ƙafa ka sake hawa don rashin saurinsa. Da babban layi ya shigo Jos ta Kafanchan a 1927 kasuwarsa ta fara mutuwa, a 1957 aka rufe shi aka kwashe dogon. Kawunansa suna nan a ajiye wajen gidan tarihi na Jos duk mai so ya je ya gani. Kuma a tuna 1942 zuwa 1944 an yi kamun mutane aikin dole a ramukan kuza saboda yaƙi, daga larduna aka riƙa turo su, sanyin Jos da yunwa suka kashe da yawa. In ana ba da labarin jirgi da daɗi a riƙa haɗawa da wannan.

Baba na Loko: Na gan shi da idona ina ƙarami ƙwarai, ɗan mitsitsi a gefen manyan. Kai zamani. Tasha a lokacin kasuwa ce guda, jirgi na tsayawa 'yan talla su yanyame tagogi, dafaffen ƙwai, rake, tsire, fura, in an shiga ƙasar Nufe kifi. Masu kuɗi da Turawa suna faskila da gadonsu da abincinsu, sikinkila manyan akawuna, mu kuma na gama-gari bencin katako, da kaji da buhuna da masu goyo, ƙurar kwal ta shigo ta taga ka sauka Ikko farar rigarka ta koma wani abu. Amma kuɗin talaka na iya biya, kuma ba ka tsoron hanya.

Malam Tudun Wada: Tunda Komred na son siyasa bari in ƙara masa. A 1953 bayan rigimar ƙudurin neman mulkin kai a majalisar Ikko, wakilan Arewa a jirgi suka dawo, aka yi ta yi musu ihu a tashoshi a hanya. Abin ya tsaya wa shugabanninmu a rai, don sun ga duk abin da Arewa ke sayarwa sai ya bi ta siririn layi ɗaya a ƙasar wasu. Shi ya sa ko a buƙatu takwas da suka fitar a shekarar na kowa ya ji da yankinsa, jirgin ƙasa da tashar ruwa suna cikin abin da suka ce a bar su a hannun hukumar haɗin gwiwa. Tafawa Ɓalewa ne ministan sufuri lokacin da aka mai da reluwe hukuma mai cin gashin kanta a 1955, a shekarar ya je Amurka duba yadda ake dako a kogin Misisifi da tunanin Kwara da Binuwai. Layin Borno kuma da bashin Bankin Duniya aka yi shi, dalar Amurka miliyan 28 a 1958, bashin farko da bankin ya ba Najeriya. Ya tashi daga Kuru kusa da Jos, ya kai Bauchi a 1961, ya bi Gombe, ya shiga Maiduguri a 1964, wajen mil 400. Da shi tsawon dogon ƙasar ya kai kilomita 3,505.

Yerwa Boy: Mu dai an kawo mana shi ana dab da tashi daga biki. Shekara 2 kacal sai rikicin 1966

Malam Tudun Wada: Haka ne. A 1964 fasinja sama da miliyan 11 jirgi ya ɗauka, kaya kusan tan miliyan 3. A 1966 dubban ƙwararrun ma'aikata 'yan gabas suka bar Arewa, 1967 yaƙin basasa ya yanke hanyar Fatakwal da kwal ɗin Inugu, komai ya koma kan layin Ikko. Aka fito yaƙi kuɗin fetur ya shigo aka zuba shi a kwalta, ga farin 1973, ga cutar da ta kama gyaɗa a 1975. Zuwa 1974 fasinja sun dawo miliyan 4 da ɗoriya. A 1979 har Indiyawa aka ɗauko su riƙe hukumar na 'yan shekaru.

Ɗan Fagge: Ni fa ina ganin tun farko ƙaramin layi suka yi mana shi ya sa ya mutu, da irin na Abuja zuwa Kaduna suka yi mai faɗi da yanzu yana nan

Baba na Loko: A'a ɗana, nan kam ban bi ka ba. Afirka ta Kudu irin faɗin namu ne sak, ƙafa 3 da inci 6, kuma har gobe da shi suke jan ƙarfe da kwal a taragai ɗaruruwa. Abin da ke hana namu gudu kwana-kwana ne da hawa da gangara da aka bari don a rage kuɗin gini, da ƙarfen dogo mara nauyi. Waɗannan duk ana gyara su a hankali in ana so. A zamanin mahaifina kowane yanki na layi da heluma da leburorinsa, kullum da safe sai an bi shi da ƙafa ana duba kusoshi ana cusa tsakuwa, damina in ta yi zaizaya kafin jirgi ya iso an kafa jar tuta. Ranar da aka daina biyan masu wannan tafiyar ƙafar, ko layin zinare ne ba zai kai labari ba.

Komred Kakuri: Baba da girmanka, amma ko an biya su me zai ɗauka? Layin da aka yi don fitar da gyaɗa da kuza, gyaɗa ta ƙare kuza ta faɗi

Alhaji na Agege: Shanu da tumatir da hatsi da siminti da tireloli ke kwana da su a hanyar Mokwa fa, su ba kaya ba ne? Ka zo kasuwar Mil 12 a nan Ikko da asuba ka ƙirga motocin Arewa sannan ka sake tambayar